Barmani Coge da Kiɗan Amada: Tarihin Wata Sana'ar Mata a Katsina Laka

Maƙasudin wannan takarda shi ne a ba da tarihin Hajiya Sa'adatu Ahmad, wadda aka fi sani da Barmani Coge, a kuma nuna matsayinta cikin tarihin waƙar baka ta Hausa. Ta yi shekara wajen arba'in tana waƙa, ta rasu a Funtuwa ran 2 ga watan Maris, 2013. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, maganar da aka ji a bakinta, wadda waɗansu suka yaba, waɗansu suka kushe, tsohuwar magana ce ta tsakar gida. Aikin da ta yi shi ne ta ɗauko ta daga inda mata kaɗai ke ji, ta mai da ita sana'a, ta kai ta inda kowa ke ji. Sabo da haka waƙoƙinta suka zama shaida a kan zaman matan aure da neman kuɗinsu, abin da littattafan tarihi da waƙoƙin fada duka suka tsallake.

Ƙasar da ta tashi

An haife ta a Gwaigwayi, wani ƙauye kusa da Funtuwa. Waɗansu marubuta sun sa haihuwarta a 1945, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero kuwa ya sa ta a 1948. Wanda ya dubi taswirar yau zai ga Funtuwa a Jihar Katsina, ya ga Tsafe da Gusau da Bunguɗu a Jihar Zamfara, sai ya zaci ƙasashe biyu ne dabam. Wannan iyaka ta mulki ce kawai. A da, yankin nan na kudu da yammacin birnin Katsina shi a ke kira Katsina Laka, sabo da baƙar ƙasarsa mai danƙo. Sarautun wurin har yanzu suna ba da shaida: na Gusau Sarkin Katsina a ke ce masa, na Tsafe kuwa 'Yandoto, da sunan tsohon garin malamai wanda ya watse a zamanin jihadi, na Funtuwa kuma Sarkin Maska. Turawa suka sa Tsafe da Gusau da Bunguɗu cikin Lardin Sakkwato, suka bar Funtuwa ƙarƙashin Katsina. Daga baya aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Jihar Zamfara a 1996. Amma mutumin Bilbis, wadda ke bakin wannan iyaka a ƙasar Tsafe, da mutumin 'Yankara ko Faskari a ɗaya gefen, kasuwa ɗaya su ke ci, suna auratayya, bikinsu iri ɗaya ne.

Abu biyu suka ƙara ɗaure yankin a zamanin Turawa: auduga da jirgin ƙasa. Hanyar jirgi da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929, aka kuma kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Gusau. Funtuwa ta tashi daga ƙaramin gari ta zama mahaɗar 'yan kasuwa da direbobi da 'yan ƙwadago da baƙi daga ko ina. Inda kuɗi ke yawo kuwa nan makaɗi ke zama. Alhaji Mamman Shata kansa, mutumin Musawa, ya yi zama a Funtuwa. Cikin irin wannan gari Barmani ta girma, garin da biki ba ya yankewa bayan kaka, sa'ad da aka sayar da auduga.

Wajen yamma kuwa, ƙasar Zamfara ta yi suna da makaɗan maza: Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi, ga kuma Ibrahim Narambaɗa can ƙasar Isa. Waɗannan su ne a ke karantawa a makarantu in an zo kan waƙar baka, kuma sun cancanta. Sai dai ko wannensu sarki ya ke wa waƙa, ko mayaƙi, ko wani namiji mai abin hannu. A cikin gidajen waɗannan mutane akwai wani kiɗa da a ke yi bayan zaure, wanda ba kasafai ya kan shiga littafi ba.

Asalin amada

Kayan kiɗan amada kayan ɗakin mace ne. A kan kife manyan ƙore a ƙasa bisa tabarma ko tsumma, a kife wata cikin ruwa a babban mazubi, sa'an nan a buga da 'yan sanduna ko da hannu. Ta cikin ruwa ita ke ba da amo mai zurfi, na ƙasa su ke ba da mai kaifi. Ba a bukatar maƙeri, ko majemi, ko wani namiji ya haɗa kayan. Wannan shi ya sa kiɗan ya dace da kulle, gama ko wace mace tana da ƙwarya, in miji ya yi gyaran murya a zaure kuma sai a mai da ita mazubin gari. 'Yan mata suna da shantu da waƙoƙin gaɗa a dandali. Ƙwarya ta matan aure ce da zawarawa da tsofaffi. David Ames da Anthony King sun lissafa kiɗan ƙwarya cikin ƙamus ɗinsu na kaɗe-kaɗen Hausa wanda ya fito a 1971.

Masana sun nuna cewa amada ta fara ne da waƙoƙin addini da begen Annabi, waɗanda mata ke yi a cikin gida, har waɗansu suna danganta kalmar da sunan Ahmadu. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta riƙa tsara waƙoƙi tana ba jajis su kai wa mata a ƙauyuka. Mata sun saba da ɗaukar karatu da wa'azi ta hanyar rerawa. Da tafiya ta yi tafiya sai waƙar ta sauko daga bege zuwa al'amuran duniya, watau aure da haihuwa da kishi da dukiya, amma ta riƙe buɗewa da ambaton Allah da salati, kamar yadda sauran waƙoƙin baka su ke yi.

Ya kamata a bambanta mai amada da zabiya. Zabiya ta kan yi guɗa da kirari, sau da yawa tare da makaɗa maza ko a fada, kuma wanda ta ke yabo shi ke biyanta. Mai amada shugabar ƙungiyar mata ce, tana da masu buga mata ƙwarya da 'yan amshi, masu sauraronta kuma mata ne a wurin suna ko aure. Kafin Barmani ta yi suna, Uwaliya Mai Amada ta Kano, wadda ta rasu a 1983, ta riga ta fito da wannan kiɗa fili. Barmani ba ita ta ƙago shi ba. Ita ce dai ta fi daɗewa a kansa, ta kuma kai shi nesa fiye da kowa.

Rayuwarta

Mahaifinta malami ne, ta kuma yi karatun allo kamar sauran 'yan mata na lokacinta. Sunan yanka Sa'adatu. Barmani kuwa yana cikin sunayen nan na gargajiya waɗanda jimla ce guda aka dunƙule, watau bar mani, roƙo ne ga Allah ya bar wa uwa abin da ta haifa. Laƙabin nata na biyu jaridun Turanci su kan rubuta shi Choge, kamar yadda Turawa suka riƙa rubuta Chafe maimakon Tsafe. Bisa ƙa'idar rubutun Hausa Coge ne.

An yi mata aure tana da shekara goma sha biyar, mijinta kuwa makaɗin garaya ne. Wannan aure ya buɗe mata ƙofar da 'yar malam ba ta cika samu ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya bayyana a rubuce-rubucensa na 1957 da 1959 yadda Hausawa ke ajiye makaɗa da maroƙa a ƙasan jerin sana'o'i, ko da ya ke ba a iya yin biki sai da su. Mace da ta fito daga gidan karatu ta shiga roƙo, lalle ta sauka a idon jama'a. Amma wadda ke gidan makaɗi tana da izinin miji, tana kuma ganin yadda a ke shirya ƙungiya, da yadda a ke karɓar gayyata, da yadda a ke raba abin da aka samu. Ta haifi 'ya'ya goma sha biyu. Ba ta ɗauki waƙa sana'a sosai ba sai wajen 1973, tana uwa mai 'ya'ya, ta riga ta san abin da za ta faɗa wa mata 'yan'uwanta, gama ta ɗanɗana shi.

Shekarun nan sun yi mata daidai. Ran 1 ga Janairu, 1973, aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. Kuɗin man fetur suka shigo, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, bukukuwa suka ƙara girma, matan attajirai da na ma'aikata suka sami abin yin liƙi. Zuwa Makka ta jirgin sama ya yawaita, har alhazan Nijeriya suka haura dubu ɗari a 1977, mata kuwa da yawa a cikinsu. Laƙabin Hajiya ya zama alamar macen da ta tsaya da ƙafarta. Waɗannan hajiyoyi su ne iyayen gidan Barmani, ita ma ta zama ɗaya daga cikinsu. Daga Funtuwa aka riƙa gayyatarta Kaduna da Zariya da Kano da Katsina da sauran garuruwan Arewa, ta ci gaba da haka har ƙarfinta ya ƙare.

Abin da ta waƙe

Wanda ya tattara waƙoƙinta zai ga jigoginsu ba su da yawa, amma ko wanne ya taɓa wani ginshiƙi na zaman mace. Na farko shi ne sana'a. Ta yi ta kiran mata su kama abin yi, tana yi wa mai zaman jiran miji ba'a. Don a gane nauyin wannan kira sai a tuna yadda gidan Bahaushe ya ke tafiya. Ci da sha da tufafi da wurin kwana suna kan miji, dukiyar mace kuwa tata ce ita kaɗai, shari'a ta ba ta wannan. Amma akwai hidimomin da ba su kan miji: gudummawar biki, wadda a kan mayar wa ƙawa da ƙari bisa abin da ta kawo, da zubin adashi, da tara wa 'ya kayan ɗaki tun tana ƙarama, da taimakon iyaye. Macen da ba ta dama fura, ba ta soya ƙuli-ƙuli, ba ta yin daddawa ko kaɗi ko saƙa ko kitso, ba ta da hanyar sauke waɗannan, sai ta zama abin tausayi a cikin tsararrakinta. In aure ya mutu kuma, abin hannunta kaɗai za ta fita da shi. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin wannan tsari na biki da ƙawance cikin littafin da aka buga a 1954, Polly Hill kuma ta kira cinikin matan kulle ɓoyayyen ciniki a 1969, bayan zaman da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina. Abin da waɗannan suka rubuta da Turanci don masana, shi Barmani ta rera da Hausa don masu abin. Ta kuwa riga gwamnati, gama shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida sai a 1987 aka fara shi.

Akwai wani gefe na wannan sana'a da mai nazari bai kamata ya rufe ido a kansa ba. Macen kulle ba ta zuwa kasuwa, 'yarta ce ƙafarta. Furar da aka dama a ɗaka, yarinya ke ɗaukarta talla. Da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai bukatar uwa da bukatar makaranta suka yi karo a kan yarinya ɗaya. Malaman da suka koyar a ƙauyukan Tsafe ko Bunguɗu sun san yadda aji ke raguwa ran kasuwa. Sana'ar da ta 'yantar da uwa daga jiran miji, ita ce sau da yawa ta hana 'ya zama a aji. Waƙar ba ta warware wannan ƙulli ba, amma ta nuna dalilin da ya sa uwa ba ta sakin tallan da sauƙi.

Jigo na biyu shi ne kishiya. A nan Barmani ba ta yi wa'azin haƙuri ba, ba ta kuma yi jayayya da halaccin auren mace fiye da ɗaya ba. Ta tsaya ne a matsayin uwargida wadda aka yi wa amarya, ta faɗi abin da ke cikinta, da habaici da zambo da dariya. Mai sauraro ya lura, a wurin biki uwargida da amarya duka suna zaune, ko wace kuma tana jin waƙar da kishiyarta a ke. Ta haka ɗacin da zai iya zama faɗa ko zuwa gidan boka ya kan fita ta hanyar rawa da shewa.

Na uku shi ne haihuwa, musamman gwarne, watau mace ta ɗauki ciki tana goyo. A al'ada abin gori ne, a kan ce mace ta kasa kame kanta har ta yaye, gama a da a kan shayar da yaro wajen shekara biyu. Barmani, mai 'ya'ya goma sha biyu, ta juya gorin ta mai da shi ikon Allah da abin alfahari. Likita na iya cewa tazara tsakanin haihuwa ta fi wa uwa da ɗa lafiya, gaskiyarsa kuwa. Amma mai tarihi zai ga wani abu dabam, watau mace ta ƙi karɓar laifin da a ke ɗora mata ita kaɗai a kan abin da mutum biyu suka yi.

Na huɗu shi ne jikin mace da kwalliyarta, kamar waƙar nan tata ta ɗuwaiwai, wadda ta fi ko wace jawo mata magana. Za a koma kanta a gaba.

Ta fuskar tsari, waƙoƙin gajerun ɗiyoyi ne, jagora ta ba da, 'yan amshi su karɓa, a yi ta maimaita gindin waƙa yadda mace ko ba ta taɓa ji ba za ta iya shiga tun kafin a yi nisa. Harshen kuwa na tsakar gida ne, da karin Katsinanci, cike da sunayen abinci da tufafi da kwanoni, da kalmomin gori da na lallashi waɗanda ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham ba su tattara duka ba, tun da ya ke yawanci daga bakin maza aka ɗauko su. Mai nazarin harshe da ke son ya ji yadda matan aure ke magana in ba namiji a wurin, ba shi da taska da ta fi wannan.

Daga tsakar gida zuwa rediyo

A nan ne babban al'amarin ya ke. Kunya a wurin Hausawa ba hali ba ne da mutum ke ɗauke da shi ko ina daidai wa daida. Tana bin wanda a ke gabansa. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗanta na fari, ba ta cin abinci gaban suruki. Amma wannan mace ɗin, in ta shiga cikin ƙawayenta ran wankan amarya, ko ta haɗu da abokan wasanta, ta kan faɗi abin da zai sa namiji ya toshe kunne. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya, gama an yi shi a muhallinsa. Waƙar ɗuwaiwai da ire-irenta a wannan muhalli aka haife su.

Abin da ya sāke shi ne na'ura. An buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, ƙaramar rediyo mai batir ta shiga ƙauyuka, sa'an nan kaset ya bazu cikin shekarun 1970. Rediyo ba ta san zaure ba. Waƙar da aka tsara don mata hamsin a bayan katanga sai ga ta a tashar mota, da shagon tela, da bakin mai shayi. Ribar wannan a fili ta ke: macen da ke kulle a Bilbis ko Kwatarkwashi, wadda ba za ta taɓa zuwa bikin wata hajiya a Kaduna ba, ta ji muryar da ke faɗin abin da ke ranta, ta kuma san ba ita kaɗai ba ce. Hasararsa ita ce maza sun ji abin da ba don su aka yi ba, suka auna shi da ma'aunin zaure, suka ce batsa ce. Yawancin sukar da aka yi wa Barmani daga wannan kuskuren muhalli ta taso. Ƙarfin halinta shi ne ta san maza suna ji, ba ta kuwa sāke harshe ba.

Ba ita kaɗai ce mace da aka ji a wannan zamani ba. Akwai Magajiya Dambatta, wadda ta rasu a 2021, da Binta Katsina, da marubuta waƙa irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda Beverly Mack ta yi nazarinsu cikin littafinta na 2004. Waɗansunsu sun yi waƙoƙin faɗakarwa a kan tsabta da ilmi da aikin hukuma. Barmani ta bambanta da su da cewa ba saƙon hukuma ta ke kai wa mata ba. Maganar mata ta ke fitarwa.

Suka da sauyin zamani

Rabin na biyu na rayuwar waƙarta ya zo cikin zamanin da kiɗa ya shiga takura. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azi a kan bidi'o'in biki ya yi ƙarfi, gidaje da yawa suka mai da taron suna da na aure walima, ba kiɗa. Tsadar rayuwa ta shekarun 1980 ta rage abin liƙi. Ran 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani ya yi shelar shari'a a Gusau, sauran jihohi suka bi, har da Katsina a shekara ta 2000, makaɗa kuma suka shiga taka-tsantsan a wurare da yawa. Amada ta fi waɗansu kaɗe-kaɗe samun sauƙi, domin asalinta taron mata ne zalla, ba cuɗanya, kuma wannan hujja ce da ma malamai suka sani. Sai dai wata gasa ta taso daga wani gefe. Finafinan Hausa da suka fara a Kano a 1990 sun zo da waƙar fiyano, wadda mutum ɗaya zai haɗa a ɗakin ɗaukar murya, a kunna ta a biki ba tare da an ciyar da ƙungiyar mata goma ba.

Duk da haka Barmani ba ta ajiye ƙwarya ba. Ta tsufa tana waƙa, jikokin matan da ta yi wa kiɗa a aurensu suka yi rawa a gabanta. Shata ya rasu a 1999, ita a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Da su aka rufe wani babi na mawaƙan da rediyon Kaduna ta raina. Kamar yawancin tsararrakinta, dukiyarta daga hannun masu biki ta fito. Kaset ɗin da aka yi ta kwafa ana sayarwa a kasuwanni, ribarsa ta tsaya ne wurin masu kwafa. Magajiya Dambatta ma ta ƙare kwanakinta cikin makanta da rashi, sai gab da rasuwarta jama'a suka tuna da ita. Salon amada kuwa bai mutu ba: har yanzu a kan keɓe wa kiɗan ƙwarya rana a bikin aure, mawaƙan zamani masu yi wa mata waƙa, irin su Ado Gwanja, suna ɗiba daga wannan rijiya.

Abin da ya rage a yi

Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da waɗansu sun aza harsashin nazarin waƙar baka, sun tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Rabon mata a cikin wannan taska har yanzu kaɗan ne, dalili kuwa sananne ne: mai bincike namiji iyakarsa zaure. Aikin yana hannun ɗalibai mata na jami'o'i da kwalejojin horon malamai, waɗanda za su iya shiga har ɗaka. Abu uku ke gabansu. Na farko, a tattara abin da ya saura na muryar Barmani daga gidajen rediyo da hannun masu tsofaffin kaset, a rubuta shi yadda ta faɗa, da karin harshenta, kada a gyara shi ya koma daidaitacciyar Hausa, kada kuma a tsame abin da mai rubutu ya ji nauyinsa. Na biyu, a nemi matan da suka buga mata ƙwarya, da waɗanda suka yi mata amshi, a ji yadda a ke koyon kiɗan da yadda a ke tsara waƙa. Na uku, a bi ƙauyuka a ɗauki waƙoƙin masu amadar da ba su taɓa shiga rediyo ba, domin da su ne za a gane abin da Barmani ta gāda da abin da ta ƙara.

Na ukun nan shi ya fi gaggawa. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙasar Tsafe da Faskari da kewayensu, ƙauyuka da dama sun tashi, mutanensu sun watsu cikin Gusau da Funtuwa da waɗansu garuruwa. Waƙar biki ba ta rayuwa sai da taro, tsohuwar da ta bar garinsu ta rabu da 'yan amshinta kuma, waƙarta a cikinta za ta tsaya. Malamin da zai koyar da waƙar baka ga ɗalibai 'yan wannan yanki, in ya sa Barmani kusa da Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ya kuma aiki ko wace ɗaliba ta rubuto waƙa ɗaya daga bakin kakarta, ya cike wani giɓi da ba a iya cikewa bayan shekara ashirin.

Allah ya jiƙan Hajiya Sa'adatu, ya gafarta mata, amin.